Daga Sawakin Zuwa Dungunab Ta Bayan Sha'ab

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, a Bahar Maliya ya yi furfura. Da kamun kifi ya fara a ɗan huri, wato ƙaramin kwalekwalen masunta, daga baya ya yi aiki a jiragen da ke kai Turawa nitso, har ta kai duk baƙon da ke neman ɗan jagora a tashar Sawakin, a gaɓar Sudan, shi ake nuna masa. Ni kuwa bakanike ne a Bortsudan, injin dizal na sani, teku kuma daga bakin gaɓa nake gaishe ta. Wani hunturu, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wani Bature mutumin Italiya ya iso Sawakin da jirginsa mai tafiya da iska. Abokan tafiyarsa sun sauka sun koma gida, shi kuma yana son a taya shi kai jirgin arewa har ƙauyen Dungunab, inda wasu za su tarye shi su wuce Masar. Kawu ya ce zai je, amma da sharaɗin a ɗauki ɗan 'yar'uwarsa saboda inji. Haka na samu kaina a ciki.

Jirgin bai wuce mita 12 ba. Sanda ɗaya gare shi doguwa, da shira'i biyu, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, ɗaya gaba ɗaya baya. Abin da Kawu ya fara tambaya shi ne nawa gindinsa ya nutse. Irin waɗannan jirage suna da wani ƙarfe mai nauyi da ya zaro ƙasa don kada iska ta kifar da su, kuma na wannan ya kusa mita 2 a cikin ruwa. Kawu ya girgiza kai. Hurin masunta yana wucewa inda ruwa bai kai gwiwa ba, wannan kuwa duk inda tsayin mutum bai nutse ba haramiyarsa ne.

Shiri ya ci mana lokaci. Akwai wakili a tashar da ke bin takardu, shi ya karɓo mana izinin tafiya a gaɓa, ya kuma ba mu shawarar mu yi kwafi da yawa, domin duk sansanin sojan da muka tsaya kusa da shi zai so a bar masa ɗaya. Dizal a jarkoki aka kawo a keken jaki, ni kuma sai da na tace kowace jarka kafin ta shiga tanki, saboda ƙura da ɗigon ruwa su ne ajalin inji a wannan gaɓar. Muka sayi ful da adas, dangin wake, da albasa da dabino, da garin gahawar da ake kira jabana da citta, sai ruwan sha iya abin da jirgin zai ɗauka. Daga Bortsudan zuwa arewa ba inda za ka buɗe famfo.

Muna kwance a tashar, kangayen tsohon garin suna gefenmu, gidajen da aka gina da dutsen murjani galibi sun zube. Tun da Turawan Ingila suka gina Bortsudan a farkon ƙarni na 20 suka mayar da manyan jirage can, Sawakin ta fara mutuwa. Ta nan kakanninmu suka riƙa tsallakawa Jidda a sambuk, jirgin katako mai tafiya da iska, bayan sun taka ƙafa daga ƙasar Hausa, wasu kuma guzuri ya ƙare musu suka tsaya noman auduga a Jazira ko Tokar, ko dako a tasha, tsayawar da ta haife mu ke nan. Har yanzu jirgin fasinja na Jidda da na tumaki daga bakin mashigar suke tashi.

Sai mutum ya san yadda gaɓar take kafin ya gane dalilin wahalar. Daga tudu, abu na farko shi ne sha'ab ɗin da ya manne da gaɓa, faffaɗan dutsen murjani wanda ruwa ya ɗan rufe. Bayansa akwai hanya mai zurfi. Bayan hanyar kuma wasu sha'ab ne a jere a tsakiyar ruwa, sannan babbar teku. A wannan yanki iskar arewa ce ke kaɗawa yawancin shekara, mai nufin Masar kuwa gaba da gaba yake yi da ita. A babbar teku tana tayar da igiyoyi gajeru masu tsayi da ke dukan goshin jirgi har ya tsaya cik. Shi ya sa ƙananan jirage suke bin hanyar ciki, inda sha'ab na waje ya karya ƙarfin igiyar. Ka tsira daga duka, amma ka shiga tsakiyar duwatsu.

Da asuba muka fita, inji na aiki, muka bi turakun ƙarfen da aka kafa a bakin mashigar, muka juya arewa ta bayan sha'ab ɗin Tawartit. Da dare iskar arewa takan kwanta, wata 'yar iska mai sanyi ta gangaro daga duwatsun yamma. Kawu ya sa aka ɗaga shira'i, na kashe inji, jirgin ya ɗan kishingiɗa ya kama tafiya. Ni da na saba da rurin inji, tafiya ba ƙara sai da ta ɗaure mini kai. Ba ta daɗe ba. Hantsi na ɗagawa iskar ta juya arewa ta fara ƙarfi, hanyar kuma ba ta da faɗin da za a riƙa karkata dama da hagu ana yankar iska. Muka naɗe shira'in gaba, muka rage na baya, na sake tayar da inji. Kusan kullum haka aka yi ta yi, kuma wanda ya ce maka ya haura Bahar Maliya da iska zalla, ka tambaye shi dizal nawa ya saya.

A ranar Kawu ya ba ni aikin da ya zama nawa har ƙarshen tafiya. Ya kai ni goshin jirgi, ya miƙo mini tabarau irin mai kashe ƙyallin ruwa, ya ce, "Ɗana, inji ba ya bukatarka yanzu. Tsaya nan ka faɗa mini abin da ka gani."

Na ce, "Kawu, ruwa nake gani."

Ya ce, "To wane iri?"

Daga nan karatu ya fara. Shuɗi mai duhu zurfi ne, wuce abinka. In ya fara haske ya koma bula, ƙasa ta matso amma da sauran wuri. Tsanwa-tsanwa mai haske yashi ne a ƙasa, mita kaɗan, nan ake rage gudu. Fari-fari ko ruwan ɗorawa, ko huri sai ya yi hankali. Ruwan ƙasa kuwa, ko launin zuma, dutsen murjani ne dab da saman ruwa. Wanda ya fi ba da tsoro shi ne dutsen da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar yashi kamar suri a gona, kewayensa zurfin mita goma, kansa kuwa bai kai kamu biyu daga saman ruwa ba. Daga nesa baƙin tabo ne kawai. Inuwar gajimare ma baƙin tabo ce, ciyawar ruwa ma haka. Inuwa tana tafiya, dutse ba ya motsi, sai ka ɗan jira ka gani. Ciyawa da dutse kuwa Kawu ya ce kada in wahalar da kaina, in ɗauke su duka dutse ne.

Mun yi yarjejeniya kan alamar hannu, domin iska ba ta barin murya ta kai baya. Inda na nuna, nan za a bi. Ba a nuna dutse, domin mai riƙe da sitiyari zai ɗauka hanya ake nuna masa. In na dunƙule hannu na ɗaga, a tsaya. Inda wuri ya rikice, sai a ɗaura mini igiya a ja ni sama zuwa rabin sandar jirgi, domin kowace mita da ka ƙara tsayi, ruwan yana ƙara buɗe maka cikinsa.

Duk wannan karatu da rana ake yinsa, kuma ba kowace rana ba. Sai ta ɗaga sosai, tana bayanka ko a kanka, daga wajen ƙarfe 10 zuwa 2. In tana gabanka, tekun gaba ɗaya farin ƙyalli ne, ba ka bambance zurfin mita ɗari da na taku ɗaya. In hadari ya rufe, launuka sun mutu, kuma a gaɓar nan da hunturu ake samun hadari da ɗan ruwan sama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ranar da iska ta ɗauke ɗif, ruwa ya kwanta sumul, ita ma ba ta da kyau, sama kawai kake gani a cikinsa. An fi son 'yar iska mai ɗan yamutsa fuskar ruwa.

A nan lissafin yake cakuɗewa. Wuraren kwana su ne marsa, wato 'yan lungunan da suka tsaga sha'ab suka shiga tudu, galibi a bakin wani kwarin da ruwan sama ke gangarowa ta cikinsa, domin murjani ba ya son ruwan daɗi da laka. Gaɓar Sudan gabas take kallo. Mai shiga marsa yamma ya nufa, saboda haka dole ya shiga kafin rana ta karkata. Mai fita kuma gabas ya nufa, daidai inda rana ke fitowa. Iska tana cewa ka fita da asuba kafin ta tashi, dutse yana cewa ka jira hantsi. Dabarar Kawu ita ce duk marsar da muka shiga, tun muna shiga yake haddace hanyar, Baturen kuma yana sa na'urarsa ta zana sawunmu. Da asuba sai mu bi wannan sawun a hankali mu fita kafin rana ta leƙo, lokacin da ɗan hasken bai fara kashe ido ba.

Mun wuce Bortsudan ba mu shiga ba. Kusa da ita, a sha'ab ɗin Wingate, Baturen ya nace sai ya ga Umbria, jirgin ƙasarsu da matuƙansa suka nutsar da gangan a watan Yunin 1940, lokacin da Italiya ta shiga yaƙin duniya na biyu, don kada Ingila ta ƙwace bama-baman da ke cikinsa, kimanin 360,000. Har yau suna ciki. Shi ya yi nitsonsa, ni dai na ƙagu mu bar wurin. Daga nan muka yi arewa maso gabas zuwa Sanganeb, sha'ab ɗin da ke tsaye shi kaɗai kimanin kilomita 25 daga gaɓa, da doguwar hasumiyar fitila a kansa. An mai da shi wurin da doka ta kare tun 1990, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya tare da Dungunab da tsibirin Mukawwar. A can na ga iyakar na'urar auna zurfi. Muna dab da sha'ab ɗin ba ta nuna komai, domin ƙasa tana can ɗaruruwan mita, alhali ga dutse ina kallonsa bai fi jifa ba. Bango ne a miƙe. Na'urar abin da ke ƙarƙashinka take faɗa, ba abin da ke gabanka ba, kafin ta yi ƙara ka riga ka hau.

Taswirar ma haka. Yawancin zanen gaɓar nan ya samo asali ne daga awon da sojojin ruwan Ingila suka yi tun ƙarni na 19, ana gyarawa kaɗan-kaɗan. A wata marsa muna kwance cikin ruwa lafiya lau, allon na'urar ya nuna jirginmu a kan tudu. Hotunan tauraron ɗan'adam da Baturen ya sauke a kwamfutarsa sun fi taswirar gaskiya, domin suna nuna launin ruwan, amma su ma ba kowane dutse suke kamawa ba.

Wannan ne ya jawo saɓani ɗaya da aka yi a tafiyar. Daga Sanganeb iska ta riƙe mu, ba mu iso bakin Marsa Fijab ba sai bayan la'asar. Rana tana cikin idona, na ɗaga hannu na ce ba na ganin komai. Baturen ya gaji, ya nuna allonsa ya ce ga hanya a fili, ga turaku kuma a bakin mashigar. Kawu ya ce a'a. Bai ɗaga murya ba, ya dai yi masa bayani da guntun Italiyancin da ya tsinta a wurin aiki. A wasu tekuna, in ka hau yashi sai ka jira ruwa ya ciko ya ɗaga ka. A nan tsakiyar Bahar Maliya cikowa da janyewar ruwa na kullum 'yan santimita ne. Abin da ke sauya tsayin ruwa sosai shi ne lokacin shekara, ya ƙaru da hunturu ya ragu da bazara. Wanda ya hau dutse a nan ya hau ke nan, igiya kuma za ta yi ta nika shi a kai, ba kuma wani jirgin ceto da zai zo.

Kwana a waje tsakanin duwatsu cikin duhu shi ma ba abin yi ba ne. Sai Kawu ya sa aka sauke ƙaramin kwalekwalen roba, ya ba ni igiya mai dalma a baki, an ƙulla mata alama kowace mita. Na shiga gaba, ina jefawa ina ɗagowa, ina leƙa ruwan ta inuwar kwalekwalen inda ƙyalli bai kai ba, su kuma suna biye da ni da tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa ba. Kafin mu kai wurin tsayawa magariba ta kawo jiki, kafaɗata kuma ta mutu. Baturen bai ce komai ba, shi ya dafa abincin dare.

Sakin anka ma aiki ne mai ƙa'ida. Ana neman fili mai yashi ko laka, a tsayar da jirgi a kansa, a saki anka, a riƙa ja da baya ana sakin sarƙa har ta kai ninki huɗu ko biyar na zurfin wurin, sannan a ba inji wuta baya a ga ko ta kama. Ba a jefa ta kan murjani. Tana farfasa abin da ya yi shekaru aru-aru yana girma, kuma takan maƙale ta ƙi fitowa. In akwai duwatsu kusa, sai a ɗaura wa sarƙar robobi masu iska don ta yi sama da su. Duk da haka a tsibiran Taila iska ta juya da dare, jirgi ya zagaya, sarƙa ta naɗe wani dutse. Da safe Baturen ya sa gilashin nitso ya kwanta a saman ruwa yana nuna mana, Kawu yana juya jirgin ta inda sarƙar ta bi, har ta warware. Ƙarfi ba ya fitar da ita, sai dai ka karya injin jan sarƙar.

A Marsa Inkeifal iska ta tsare mu kwanaki. Ta yi ta kuka a igiyoyin sanda dare da rana, ƙura ta rufe duwatsun yamma, komai na jirgin ya koma ja. Kawu ko kallon bakin mashigar bai yi ba. Ni na samu lokacin inji: na wanke matatar ruwan teku da ciyawa ta cika, na canza matatar dizal, na duba 'yar robar famfon da ke sanyaya inji. Gishirin tekun nan ya kai kashi 40 cikin 1,000, ya ɗara na sauran tekuna da ke wajen 35, kuma duk ƙarfen da ka bari ba ka shafa wa mai ba zai nuna maka. Wasu masunta 'yan ƙabilar Beja suka zo a huri suka ba mu kifin najil da sha'ur, muka ba su sukari da ruwan sha, aka zauna aka sha jabana. Sojoji biyu suka zo suka karɓi kwafinsu, suka tambaya ko muna da maganin ciwon kai.

Ruwan sha don sha da girki ne kawai. Alwala da ruwan teku muke yi, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, wanka ma haka, sai a ɗauraye da kofi ɗaya na ruwan daɗi. Alƙibla kuwa ba ta ba mu wahala ba, tun da jirgin da ke kan anka kullum goshinsa na kallon iska, wato arewa, Makka tana hannun dama. Abin da na lura shi ne a Sawakin arewa maso gabas muke fuskanta, amma muna haurawa tana ta komawa gabas, har a Dungunab ta kusa zama gabas sak.

Yankin ƙarshe shi ne mafi wuya, kuma shi ya fi kyau. Tsakanin tsibirin Mukawwar da ƙauyen Muhammad Kol ruwa ne mai faɗi marar zurfi, duwatsu a warwatse, wasu turakun alama kuma sun karye sai guntu. Kawu ya ƙi ɗaga anka sai da hantsi ya yi sosai. Aka ja ni sama, na zauna a kan sandar da ta gitta, ƙafafuna na lilo. Daga can hanyar a bayyane take, shuɗin zare yana lanƙwasa tsakanin tsanwa da ruwan zuma, ina nunawa Kawu yana bi. Kusa da tsibirin Mesharifa na ga wasu manyan kifaye masu faɗi, baƙaƙe, suna kaɗa fukafukai a ƙarƙashin ruwa, faɗin ɗaya ya fi tsayin mutum biyu. Na dunƙule hannu don na ɗauka dutse ne, sai dutsen ya yi gaba. A cikin ciyawar ruwan Dungunab kuma akwai ɗan'uwan ayun da ake ba da labari a kogin Binuwai, masunta sun ce yakan ɗago hanci ya shaƙi iska da sassafe. Mun duba, bai fito mana ba. A bakin gaɓa raƙuma ne tsaye cikin ruwa suna cin ganyen shora, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri.

A Dungunab abokan Baturen suka iso ta mota, muka yi musu bayanin jirgi. Na nuna musu inda na ajiye sauran matatun dizal, na ce su riƙa leƙa ruwan da ke fita ta bututun hayaƙi duk sanda suka tayar da inji. Kawu ya zauna da su a kan hoton tauraron ɗan'adam ya bi musu hanyar Khor Shinab, wani lungun kwana da ke arewa, da yatsa, ya maimaita musu cewa in azahar ta yi ba su kai bakinta ba, su nemi wani wurin. Aka biya mu. Muka samu motar da ke kai kifi cikin ƙanƙara Bortsudan, muka hau baya tsakanin akwatuna, direban ya ce in ba a tsaya da yawa a shingayen bincike ba za mu yi sallar isha'i a gida.